Tarihin Malaman Ciwon Barci Da Yadda Suka Riƙi Juna

Wannan taƙaitaccen labari ne na waɗansu ma'aikata waɗanda ba a cika ambatonsu ba in ana lissafin mazan jiya na En'e, watau malaman ciwon barci, da malaman asibiti, da duba-gari, da likitocin da suka koya musu aiki. Mutane ne da ba a naɗa musu rawani ba, ba a kuwa busa musu algaita ba, amma duk wanda ya bi tarihin lardunan Arewa daga 1930 zuwa 1950 zai ga sawunsu a bakin rafuka da rumfunan kasuwa. Shekarun nan kuwa na rashin tabbas ne, gama cikinsu aka yi kariyar arziki, aka yi fara, aka yi yaƙin duniya, aka yi sanƙarau. Nufin labarin shi ne a nuna yadda masu koyar da aikin lafiya suka jingina da juna, suka kuma jingina da sarakuna da hakimai da jama'ar gari, har ilmin da ke hannunsu bai yanke ba, sa'an nan a nuna inda ƙoƙarinsu ya tsaya.

ASALIN CUTAR

Ciwon barci ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin da Fulani makiyaya sun san ƙudan tsando, sun san in shanu suka shiga kurmin da yake sai sammore ya kama su, su rame su mutu. Mahaya kuma sun san ƙasashen da doki ba ya daɗewa cikinsu. Abin da ya ɓuya ga mutane shi ne, ƙudan nan shi ke ɗaukar ciwon barci daga jinin wannan ya kai wa wancan. Cutar takan fara da zazzaɓi da ciwon kai, sa'an nan kaluluwa ta fito a bayan wuya. Mutum ya yi watanni, wani ma shekara biyu ko uku, yana tashi yana kwanciya. In ta kai ga ƙwaƙwalwa sai halinsa ya sake, ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka ko da lomar tuwo a hannunsa, da dare kuwa ya kasa runtsawa. Daga nan sai rama, sai mutuwa. Da yake tafiyarta sannu-sannu ce, tana kuma taɓa hankali, mutane da yawa suka ɗauka aikin iskoki ne ko sammu.

Cikin 1901 wani likita Bature mai suna Forde ya ga wata 'yar halitta tana motsi cikin jinin wani majinyaci a Gambiya, Likita Dutton ya tabbatar da ita ya ba ta suna cikin 1902. Cikin 1903 Castellani da Bruce, suna aiki a Yuganda inda cutar ke kashe dubban mutane, suka gane ita ce ke kawo ciwon barci, tsando kuwa shi ne ɗan dakonta.

A Arewa cutar ta yaɗu ƙwarai bayan zuwan Turawa. Da yaƙe-yaƙe da harin bayi suka ƙare, mutane suka fita daga garuruwa masu ganuwa suka watsu cikin daji, gida biyar nan, gida goma can, ko wane ƙauye kusa da rafi. Hanyoyi suka buɗe, jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, leburori suka riƙa zuwa haƙar kuza a Jos suna komowa gida, mai cuta ya ɗauke ta daga wannan lardi ya sauke ta a wancan. Da rani kuwa, in ruwa ya janye ya bar 'yan kududdufai a ƙarƙashin inuwa, nan mata ke ɗiban ruwa, nan yara ke wanka, nan kuma tsando ke fakewa saboda zafi. Mutum da ƙuda suka zama abokan mashaya ɗaya.

GADAU

Cikin 1921 Gwamnati ta kafa ƙungiyar binciken tsando, ta danƙa ta ga Likita W. B. Johnson da Llewellyn Lloyd, masanin ƙwari. Suka yi zango a Sharifuri cikin ƙasar Katagum, daga baya aka mai da mazaunin Gadau. A can aka riƙa koya wa samarin ƙasa kamun ƙuda da ƙidayarsa, da duban jini cikin madubin likita, wanda ke girmama ƙanƙanen abu har ido ya gan shi. Cikin 1929 Johnson ya zama shugaban likitocin Nijeriya duka, ya kuwa hau kujerar yana sane da abin da ke cin ƙauyukan Arewa. Da aka ga al'amarin ya fi ƙarfin bincike kaɗai, sai a farkon shekarun 1930 aka tsayar da aikin ciwon barci da ƙafafunsa ƙarƙashin Likita H. M. O. Lester. Cikin 1933 kuma T. A. M. Nash, shi ma masanin ƙwari, ya zo Gadau daga Tanganyika.

Dabarar da aka bi daga maƙwabta aka koyo ta. A Kamaru wani likitan Faransa, Eugène Jamot, ya riga ya nuna tun cikin shekarun 1920 cewa ba a jiran mai ciwon barci ya kawo kansa asibiti, gama kafin ya yarda ya zo cutar ta ci ƙarfinsa, ya kuma shayar da ƙudaje masu yawa. Sai dai a bi mutane har ƙauyukansu a duba kowa da kowa. To, likitoci ba su da yawan da za su yi wannan. Saboda haka Jamot ya riƙa horar da samarin ƙasa a garin Ayos, ya rarraba aikin likita gunduwa-gunduwa, ya koya wa ko wane ɗaya gunduwarsa har ya gwanance. Irin wannan tsari aka ɗauko aka shimfiɗa a Arewa.

MAKARANTA A GINDIN ITACE

Ga yadda ƙungiyar duba ke aikinta. Kafin ta iso an aika wa hakimi, hakimi ya aika wa dagatai, dagatai sun gaya wa masu unguwa. Ran da aka sa, jama'a su taru a gindin itace ko rumfar kasuwa, a riƙa kiran masu gida ɗaya-ɗaya, ko wane da iyalinsa. Malami na fari ya shafa wuyan kowa yana neman kaluluwa. Wanda aka ji masa ita a ware shi, malami na biyu ya huda ta da allura ya ɗiga ruwanta a kan gilashi. Na uku ya zauna bakin madubi yana dubawa, in ya ga abin yana wutsil-wutsil ya kira babba ya tabbatar. Na huɗu ya rubuta sunan mutum da na garinsa. Bayansu masu allura su zauna su yi ta ba majinyata magani, allura bayan allura, 'yan kwanaki tsakani, har fiye da wata guda. Magungunan da aka dogara a kansu biyu ne: Bayer 205, wanda Jamusawa suka haɗa, Turawan Ingila kuma ke kiran nasu Antrypol, da Tryparsamide, wanda aka haɗa a Amurka, shi ne mai iya bin cutar har cikin ƙwaƙwalwa.

Mai karatu zai lura aikin nan sarƙa ne. In mai shafa wuya ya yi sakaci, mai madubi ba shi da abin dubawa. In mai madubi ya yi gaggawa, a sallami mai cuta ya koma bakin rafi. In magatakarda ya rikita suna, a yi wa mai lafiya allura a bar majinyaci. Mafi hatsari duka shi ne awon magani, domin Tryparsamide yana da guba a cikinsa, in aka zarce ƙima sai ya kashe jijiyar ido. An ga haka a Bafia ta Kamaru wajen ƙarshen shekarun 1920, inda wani matashin likita ya ƙara awo bisa ra'ayin kansa, ɗaruruwan mutane suka makance, har abin ya jawo aka raba Jamot kansa da aikinsa na Kamaru cikin 1931. Wannan ya isa ya nuna mai irin wannan aiki ba ya cin gashin kansa, tilas wani ya duba bayan wani.

Saboda haka koyarwa ba ta tsaya ga Bature ba, don likita ɗaya ba shi da ikon tsayawa a kan ko wane madubi. Wanda ya daɗe yana duba shi ke zaunar da sabon zuwa kusa da shi, ya nuna masa bambancin ƙwayar ciwon barci da sauran abubuwan da ke yawo cikin jini, da yadda ake dafa allura, da yadda ake neman jijiya a hannun ramammen yaro. Galibinsu samari ne masu ɗan ilmin boko, sun baro iyaye da dangi, suna watanni cikin rangadi, su kwana a masaukin da dagaci ya ba su, su ci daga akushi ɗaya. In zazzaɓi ya kada ɗaya, ɗan'uwansa ya ɗauki aikinsa a kan nasa. Irin wannan zama ƙasar ta saba da shi tun a makarantun allo, inda gardi ke biya wa ƙolo karatu kafin ya kai gaban malam, don haka bai yi musu wuyar ganewa ba. Da wannan tsari, tsakanin 1931 da 1940, aka duba mutum fiye da miliyan 3, aka sami masu cutar kusan 400,000.

KARIYAR ARZIKI

An yi wannan duka a lokacin da kuɗi suka yi wuya. Cikin 1929 kasuwannin duniya suka faɗi, farashin gyaɗa da auduga da kuza ya karye, haraji ya yi wuyar tarawa, ga fara kuma ta sauka kan gonaki shekara bayan shekara. Gwamnati ta rage ma'aikata, ta tsuke bakin aljihu. Cikin wannan hali ne hukumomin En'e suka ɗauki nauyin ɗakunan shan magani na gundumomi, waɗanda aka fara ginawa a farkon shekarun 1930. Baitulmali ke gina ɗaki, ya sayi magani, ya biya malamin asibiti, likitan Gwamnati kuwa ya koya masa aiki a asibitin lardi, ya riƙa leƙo shi in ya fito rangadi. Makarantun koyon aikin ma cikin waɗannan shekaru aka kafa su. Cikin 1930 aka buɗe makarantar likitoci a Yaba ta Ikko, da ta masu haɗa magani a Zariya. Cikin 1932 aka buɗe Makarantar Tsabta a Kano inda ake horar da duba-gari, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda a zamaninsa ne kuma aka jawo wa birni ruwan famfo daga Chalawa.

Malamin asibitin da aka kai gunduma shi kaɗai ne a fanninsa, wani lokaci tafiyar kwana biyu ko uku ce tsakaninsa da likita. Abokan shawararsa su ne 'yan'uwansa ma'aikatan En'e da ke zaune a garin hakimi, watau malamin makaranta, da malamin gona, da malamin daji, da malamin dabbobi, da magatakardan hakimi, da alƙali. Malamin makaranta ya tara masa yara ya duba musu gyambo da ƙazwa da ciwon ido, ya koya musu tsabta. Liman in ya yarda da shi ya faɗi kalma ɗaya bayan salla, iyaye su fito da 'ya'yansu a yi musu lamba. Wanzami da ungozoma kuwa jama'a sun riga sun amince da su tun kaka da kakanni, in ya raina su ya zauna da kwalabensa ba mai zuwa, in ya girmama su sai su aiko masa da abin da ya fi ƙarfinsu. Duba-gari ya fi kowa bukatar wannan goyon baya, gama aikinsa na leƙa randa da masai da kai ƙara ba ya jawo ƙauna, kuma ba shi da ikon shiga gidajen kulle, har sai da En'en Kano ta ɗauki mata suka riƙa shiga a madadinsa. Wanda ya sami kan abokan zamansa ya ci nasara. Wanda ya tsaya a kan takardar shaidarsa kaɗai ya sha wuya.

TAKALAFIYA

Allura tana warkar da mutum, amma ba ta hana ƙuda ya sake cizonsa. Inda wannan ya fi bayyana shi ne gundumar Anchau cikin ƙasar Zazzau, inda dubawar 1934 ta nuna kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da cutar, a waɗansu ƙauyuka ma har rabi. Garin Anchau kansa a cunkushe yake cikin ganuwarsa, mutum wajen 2,500, ga kududdufai, ga duhuwa har bakin gari.

Binciken Gadau ya riga ya nuna tsandon rafi ba ya jure zafi da bushewar rani. In aka sare sarƙaƙiyar bakin ruwa, rana da iska suka ratsa, sai ya rasa mafaka ya mutu. Amma saran ba na shekara ɗaya ba ne, ko wace shekara sai an maimaita, ƙauye mai gida biyar kuwa ba shi da hannuwan da za su share dogon rafi. Ashe sai an tara mutane wuri ɗaya, har yawansu ya isa riƙon ƙasarsu.

Cikin 1937, shekarar da Malam Ja'afaru ya hau gadon Zazzau, aka kafa dokar ciwon barci, aka kuma fara aikin Anchau da fam 95,000 daga asusun raya ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila. Aka shata wani zirin ƙasa mai tsawon mil 70 da faɗin mil 10, aka share bakin rafuka fiye da mil 500, aka ta da mutum wajen 5,000 daga ƙananan ƙauyuka fiye da 40 aka zaunar da su a sababbin garuruwa 16. Aka haƙa rijiyoyi aka ɗaure su da siminti. Kusa da tsohon gari aka gina sabo mai faffaɗan tituna saboda gobara, aka dasa itatuwa, aka yi kasuwa da makaranta da ɗakin magani, aka sa masa suna Takalafiya.

Abin lura ga ma'aikaci shi ne, ba mutanen asibiti kaɗai suka yi wannan ba. Sai da masu aikin gona suka auna yawan ƙasar da ko wane gida ke bukata, masu aikin daji suka keɓe inda za a riƙa samun itacen wuta, masu aikin dabbobi suka duba al'amarin shanu, masu haƙar rijiya suka nemi inda ruwa yake, kafin a ce wa kowa ya tashi. Ma'aikatun da a Kaduna sai ta takarda suke gaisawa suka zauna a kan tabarma ɗaya, ko wane ya zama malami a fanninsa, almajiri a fannin ɗan'uwansa. Nash, wanda ya daɗe yana riƙe da aikin, ya rubuta labarinsa aka buga cikin 1948.

Ba a yi shi ba tare da ɓacin rai ba. Mutum ba ya son barin gidan ubansa da kushewar kakanninsa, waɗansu kurame kuma an ɗauke su mazaunin iskoki, ana tsoron ɗora musu gatari. Maganar likita ba ta isa ta kawar da wannan ba, sai da umarnin Sarki ya biyo ta hannun hakimi da dagatai. A nan ma masu koyarwa da sarauta suka jingina, sarauta kuwa ta ɗauke su.

YAƘI

Aikin bai yi nisa ba sai yaƙin duniya na biyu ya tashi cikin 1939. Aka janye likitoci da Turawan da ke jagorancin ƙungiyoyi zuwa soja, waɗansu daga malaman ƙasa ma suka shiga, suka zama masu jinyar mayaƙa. Sojan Nijeriya kuwa an kai su Habasha cikin 1941, an kai su Bama daga 1943. Jiragen ruwan da ke kawo kaya daga Ingila suka shiga hatsarin jiragen Jamus na ƙarƙashin teku, kayan aiki suka yi wuya. Manyan ƙungiyoyin duba suka ragu, nauyi ya koma kan ɗakunan magani, inda malamin da ya iya madubi ke zaune mutane suna kawo kansu.

A nan amfanin koyarwar shekarun baya ya fito. Da ilmin a kan Turawa kaɗai yake, da ya shiga jirgi tare da su. Amma da yake an riga an shuka shi cikin samarin ƙasa, ko wane kuma ya saba da koya wa na bayansa, sai aka sami masu riƙon ƙwarya. Yaron da aka zaunar bakin madubi cikin 1933 shi ne ya zama babba cikin 1943, yana zaunar da wani. Aikin Anchau da aka shirya wa shekara 5 ya ja har wajen shekara 10, amma bai tsaya ba.

Cikin waɗannan shekaru kuma ma'aikata suka sami hanyoyin jin ɗuriyar juna. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta, malamin da ke can ƙarshen lardi ya riƙa karanta abin da ke gudana a sauran larduna cikin harshensa. Cikin 1940 Likita R. A. B. Dikko, mutumin Wusasa, ya kama aikin Gwamnati bayan ya gama karatu a Birmingham ta Ingila, shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama cikakken likita. Ganinsa ya nuna wa ƙananan malamai cewa tsanin da suke kan matakinsa na ƙasa yana da sama. Bayan yaƙi, cikin 1948, malaman makaranta suka kafa ƙungiyarsu da himmar Malam Aminu Kano, Likita Dikko kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya zama shugabanta na farko. Masu ilmin zamani na Arewa 'yan kaɗan ne a lokacin, sun kuwa gane hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

SANƘARAU

Da yaƙi ya ƙare aka ga tsarin malaman ciwon barci ya dace da waɗansu cututtukan, sai aka kafa ƙungiyoyin rangadi irinsu don yaƙi da agana da sanƙarau da sauran annoba. Cikin 1947 kuma aka ƙulla kafa cibiyar binciken ciwon barci ta Afirka ta Yamma, mai mazauni a Kaduna da Vom, wadda Nash ya shugabanta daga baya.

Ba a daɗe ba aka gwada su. A ranin 1949 zuwa 1950 sanƙarau ya auka wa lardunan Arewa, ya kama mutum fiye da 90,000, ya kashe fiye da 14,000. A annobobin farko, kafin a sami magani, mafi yawan wanda ya kama ba ya tashi. Wannan karo kuwa akwai ƙwayoyin magani irin su M&B, sai dai ƙwaya ba ta kai kanta bakin majinyaci, cutar kuma takan kashe cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin da ya rage hasara shi ne hanyar nan da aka riga aka share: mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya aika wa hakimi, a kafa rumfunan zana a gefen gari, malamin da ya iya ya nuna wa waɗanda ke kusa da shi yadda ake gane wuyan da ya sandare da yadda ake ƙidaya ƙwaya.

INDA AKA TSAYA

Ba daidai ba ne a rufe labari da yabo kaɗai. Wajen ƙarshen shekarun 1950 wani masani Ba'amurke, Horace Miner, ya zauna a Anchau yana bincike, ya buga abin da ya gani cikin 1960. Ya tarar ana nan ana sharar rafuka ko wace shekara, cutar kuma ta ja da baya ƙwarai. Amma da ya riƙa tambayar mutane dalilin sharar, sai ya ga da yawansu, har da masu gari, ba su yarda tsando ke kawo ciwon barci ba. Suna sara ne don an umarce su. Watau umarni ya isa ko wane ƙauye, ilmin kuwa ya tsaya ga ma'aikata. Malaman sun koya wa juna da kyau, sun sami goyon bayan sarauta, amma talakan da ke riƙe da gatari an nemi hannunsa fiye da yadda aka nemi fahimtarsa. Aikin da ke tsaye a kan umarni kuwa yana tare da hatsari, domin ran da mai umarni ya kau, sarƙaƙiya ta komo bakin rafi.

Zamani ya juya. An raba Jihar Arewa cikin 1967, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe littafin En'e, Anchau ta zama hedkwatar ƙaramar hukumar Kubau a Jihar Kaduna, cibiyar binciken nan kuma ta zama ta Nijeriya tun 1964. Cutar da aka sami kusan mutum 400,000 da ita cikin shekara 10 a ƙasa ɗaya ta ragu, har daga 2018 waɗanda ake samu a duniya duka ba su kai 1,000 a shekara ba. An sami maganin haɗiya wanda ya sauƙaƙa wahalar allurai, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta shaida wa Gana cikin 2023, da Cadi cikin 2024, cewa cutar ta daina zama annoba a cikinsu.

Ma'aikacin da ya gaji kujerun waɗannan bayin Allah yana da abu biyu da zai ɗauka daga gare su. Na fari, kada ya ɓoye wa na bayansa abin da ya sani, gama ba ya da tabbacin ran da za a ɗauke shi daga wurin. Na biyu, in ya kai wa talaka umarni ya zauna ya gaya masa dalili, ko da zai ci masa yini guda.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu cikinsu, waɗanda aka san sunansu da waɗanda sunansu ya ɓace tare da takardun rangadi. Allah ya sa wahalar da suka sha a bakin rafuka ta zama nauyi a mizaninsu, ya ba magadansu haƙuri da riƙon amana, ya kiyaye ƙasa daga annoba, amin.